Ayarin Agaji Da Haƙƙin Mutanen Bayan Titi

 

Wasu 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata, 'yan asalin ƙasar Gumel mazauna Kano da Dutse, sun tambaye mu hukuncin wani aikin alheri da ya yawaita a 'yan shekarun nan. Watau jama'a su haɗa kuɗi da hatsi da tufafi, su cika motoci, 'yan agaji da samari masu sa kai su raka ayarin zuwa garuruwan da wahala ta kama. Suna son su san ko ya halatta a ɗauki zakkar wani gari a kai wani, da wanda zai biya kuɗin mota, da kuma abin da ya wajaba a kan masu rakiyar kayan. Za mu amsa gwargwadon hali, domin aiki ne mai girman lada, kuma amana ce mai nauyi wadda ba ta sauka daga wuyan mutum ran da mota ta tashi, sai ran da abinci ya shiga tukunyar mabukaci.

Ya kamata mu fara da sanin ƙasar da ake magana a kanta. Masarautar Gumel, ƙasar Lautai, ta ƙunshi Ƙananan Hukumomi huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano a 1991. Ƙasa ce ta rairayi, ba babban kogi irin na Haɗejiya ko Ringim, saboda haka abincin shekara ya rataya ne a kan damina ɗaya gajeruwa. Gero da dawa da wake su ne na ci, riɗi da zoɓo da gyaɗa su ne na kuɗi, sai kuma dabbobi waɗanda kasuwarsu ta Maigatari, mai ci ran Alhamis, ta shahara har wajen Nijeriya. Mutanen nan da na Dungas da Damagaram dangi ne na jini da aure da ciniki. Tsohon mazaunin sarautar ma, Tumbi, yana cikin ƙasar Nijar a yau, daga can aka dawo Gumel a 1845.

Ƙasa irin wannan ta san yunwa. Kakanni sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, dattawan yanzu sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. A zamanin nan kuma wahalar ta zo ta ƙofofi da yawa. An rufe iyaka a watan Agusta 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020. An janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufe iyaka har zuwa Maris 2024, ciniki ya tsaya, dillalai da 'yan dako da direbobi da masu sayar da abinci a kasuwa suka zauna ba abin yi. Ga kuma ruwa mai yawa na 2022 da 2024 da ya yi ɓarna a Jihar Jigawa. Inda babu kogi ma, marka takan cika kududdufai, ta jiƙa gine-ginen ƙasa su zube, rumbu ya faɗi da abin da ke cikinsa. Don haka masu tura agaji wannan yanki ba su yi kuskuren wuri ba.

Aikin nan kuwa yana da asali mai ƙarfi a addini. Suratul Balad ta ambaci ciyar da maraya na kusa da miskinin da ya rasa komai a ranar yunwa cikin ayyukan da ta kamanta da hawan tudu mai wuya. Imamu Muslim ya ruwaito labarin wasu mutanen ƙabilar Mudar da suka iso Madina cikin tsumma ba takalmi, fuskar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta sauya don tausayinsu, ya yi huɗuba, jama'a suka yi ta kawowa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Amma misalin da ya fi kusa da maganarmu shi ne na Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, zamanin Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi. Fari ya kama Hijaz wata tara, ƙasa ta yi baƙi kamar toka, mutanen ƙauye suka kwararo Madina. Sayyidina Umaru ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman ɗauki, Abu Ubaida ya zo da abinci daga Sham, Amru ɗan Asi ya turo ayarin raƙuma, ya kuma aiko da wani ta teku.

Abin lura a nan shi ne yadda Halifa ya yi da kayan. Malaman tarihi irin su Ibnu Sa'ad sun ruwaito cewa ya aika mutane su tari ayarin tun a hanya, su karkata da shi zuwa ga mazauna daji da ƙauyuka a inda suke, a ba su gari, a yanka musu raƙuman, a raba musu mayafai. Ya naɗa wakilai a kowane gefe na Madina, kowane dare su zo su ba shi labari. Da ya sa aka ƙirga, sai aka sami masu zuwa cin abinci wurinsa 7,000, alhali iyalai da yara da marasa lafiya waɗanda ba sa iya zuwa, sai dai a kai musu, sun kai 40,000. 'Yan'uwa, a riƙe wannan lissafi da kyau. Waɗanda ba a gani sun ninka waɗanda ake gani fiye da sau biyar.

Haka abin yake a ƙasarmu. Ayari ya taso daga Kano ta Gezawa da Ringim da Gujungu, kwalta ta kai shi Gumel, ta kai shi Maigatari. A nan sai gajiya ta kama 'yan agaji, direba yana son ya juya kafin dare, sai a tsaya a filin makaranta ko ƙofar sakatariya a sauke kaya. Wa zai samu? Mai ƙarfin turereniya, da mai babur da ya ji labari da wuri, da wanda gidansa ke bakin titi. Amma a bayan garuruwa irin su Ɗanzomo da Jeke da Galadi da Medu da Maikilili akwai ƙananan ƙauyuka da rugagen Fulani da tsangayu, waɗanda hanyarsu rairayi ce zalla, babbar mota ba ta shiga. A can ne tsohuwar da ɗanta ya tafi cin rani bai aiko ba take, da matar da ke cikin takaba, da makaho, da magidancin da ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi a layi. Aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta yi maganar irin waɗannan, masu kamun kai har wanda bai sani ba ya ɗauka mawadata ne, ba sa nacin roƙo, sai dai a gane su da alama. Ayarin da ya tsaya inda kwalta ta tsaya ya bar mafi yawan masu haƙƙi a baya.

Maganin wannan ba mai wuya ba ne. Babbar mota ta sauke a zango, a-kori-kura ta ɗauka zuwa inda za ta iya, amalanken shanu ya ƙarasa. Mutanen yankin sun fi kowa sanin aikin amalanke, kuma kuɗin hayarsa zai shiga aljihun talakan wurin. Sai dai dole a sa wannan kuɗi da wannan lokaci cikin lissafi tun daga gida. Gara a ɗauki ƙauyuka biyar a gama da su da kyau, da a ce an zaga Ƙananan Hukumomi huɗu cikin yini ɗaya alhali ƙura kawai aka bar wa jama'a.

Yanzu ga hukuncin ɗaukar zakka daga gari zuwa gari. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Muhtasar na Shehu Halil da sharhohinsa suka bayyana, asali shi ne a raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da shi, watau abin da bai kai tafiyar ƙasaru ba, mil 48. Tsakanin Kano da Gumel ya zarce haka. Amma idan mutanen can sun fi na nan tsananin bukata, to, sai a kai musu mafi yawanta, a raba saura a gida. Saboda haka ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Dawanau da ya tabbata yunwar ƙauyukan Sule Tankarkar ta fi ta unguwarsa, ya halatta ya tura, muddin bai mance maƙwabcinsa gaba ɗaya ba. Sadakar ganin dama kuwa ba ta da wannan ƙaidi, ana kai ta ko'ina.

Game da kuɗin mota, malamanmu sun ce ladan ɗauka yana fitowa ne daga baitulmali, ba a yankar sa daga zakkar. Idan babu, sai a sayar da kayan a nan, a sayi irinsu a can. A wannan zamani ma'anarsa ita ce masu ayari su buɗe asusu dabam na mai da abincin direbobi da gyaran taya, daga kyautar masu hali, kada a taɓa haƙƙin fakirai. Kashi takwas na masu cin zakka suna cikin aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma ma'aikatan zakka da aka ambata a ciki su ne waɗanda hukuma ta naɗa, kamar kwamitocin zakka na masarautu. Wanda ya sa kansa ya raka kayan wani, wakili ne, ba shi da kaso. Sannan wajibi ne a rarrabe buhunan zakka da na sadaka tun wurin lodi, a yi musu alama, domin zakka tana da mutanenta, sadaka kuwa ta game Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ɗan ƙasa da baƙo.

A cikin wannan hukunci na sayarwa a nan a saya a can akwai hikimar da ɗan kasuwa zai fi kowa ganewa. Geron da ke Dawanau, da yawansa daga irin waɗannan ƙauyuka ya fito. In an saye shi a Kano an mai da shi Gagarawa, an biya kuɗin mota sau biyu da ribar dillalai a tsakani. Ya fi a sayi hatsi da kaka a kasuwannin yankin lokacin da yake da araha, a adana shi a wuri amintacce da magani, mota ta ɗauko abin da babu a can kawai, kamar magani da barguna da kwanon rufi. Amma a kiyayi shiga ƙaramar kasuwar ƙauye da kuɗi masu yawa a tsakiyar damina, domin a yini ɗaya za a tsauwala tiya a kan talakan da aka zo taimako. Ajiyar da aka yi da kaka don rabawa ba ta shiga ɓoyon abinci da shari'a ta hana, wanda ake yi don a jira tsada a ƙuntata wa mutane.

Wannan ya kawo mu ga maganar lokaci. Yawancinmu mukan yi kyautarmu cikin azumi, kuma ladan watan ba a musunsa. Sai dai azumin 2024 da na 2025 duk cikin watan Maris suka kama, lokacin da sauran hatsi bai ƙare a rumbuna da yawa ba. Yunwar manomi takan yi tsanani ne daga faɗuwar ruwa zuwa fitowar tumu, watau Yuni da Yuli da Agusta. A lokacin ne magidanci yake barin gonarsa ciyawa na ci, ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo kwanon da za a kwana da shi, ko ya ci irin da ya ajiye, ko ya karɓi bashin buhu ɗaya a kan ya biya biyu da kaka. Ta haka yunwar bana take haifar ta baɗi. Buhu ɗaya a watan Yuli yana tsai da mutum a gonarsa, ya fi uku a watan Disamba amfani. Zakka idan ta wajaba ba a jinkirta ta, amma sadakar ganin dama ana iya ware wani kashi nata a ce wannan na marka ne. Kuma a tura shi zango tun kafin ruwa ya zauna.

Sai amanar masu rakiya. Fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro, ba sa tashi sai da madugu mai faɗa a ji, da jagaba masanin hanya, da malami mai riƙe lissafi. Ayarin agaji ma haka ya kamata ya zama. A sami shugaba ɗaya, a rubuta abin da aka loda, a rubuta abin da aka sauke, a karanta wa waɗanda suka ba da dukiyarsu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ma'aji amintacce wanda yake miƙa abin da aka umurce shi cikakke da daɗin rai, ana lissafa shi cikin masu sadakar. Sun kuma ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa, Manzon Allah ya hau mumbari ya yi kashedi mai tsanani a kan haka. To, ɗan agajin da ya ajiye buhu don gidansu, ko ya sa sunan surukinsa a takarda, ko ya karɓi ɗan akuya daga wani don a fara da unguwarsa, ya san inda ya tsaya. Wakili ba ya biyan abin da ya salwanta ba da sakacinsa ba. Amma wanda ya bar hatsi ba tamfol ruwa ya dake shi, ko ya yi wa mota lodin da ya fi ƙarfinta, ko ya ba direba mai gyangyaɗi tuƙin dare, wannan ya yi sakaci, kuma biya ya hau kansa.

Ma'aikatan Gwamnati suna da nasu rabo babba a nan. Ku ne kuka san rubuta sunaye da tsara takardu, ku ne kuka san ƙofar Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jiha da ta Tarayya, da ofishin 'yan sanda da na kwastan, abin da ayari mai tafiya kusa da iyaka da hatsi ba ya wadatuwa daga gare shi. Ku ba da iliminku da ranakun hutunku. Amma motar ofis da man ofis dukiyar jama'a ce, ba a yin sadaka da su sai da izinin wanda ke da ikon bayarwa. Kuma kada a bari ayarin Allah ya zama ayarin jam'iyya, a manna hoton ɗan takara a buhu, ko a tsallake wani ƙauye don ƙuri'arsa ta tafi wani wuri.

Wajen tantance mabukata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A fara da gaisuwa a fadar Mai Martaba Sarki da hakimai, a aika mutum biyu ko uku kwanaki kafin ayari, su zauna da dagaci da mai unguwa da liman da arɗon Fulani. Kada a dogara ga bakin mutum ɗaya, domin kowa ɗan Adam ne, yana da nasa. A sa dattijan mata cikin aikin, ungozoma da malaman Islamiyya da 'yan ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, domin su ne ke shiga gidaje, su ne suka san tukunyar da ta kwana biyu ba ta hau murhu ba. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Fityanul Islam da na Izala duk suna da rassa a garuruwa, sun kuma saba da tsare taro. Yunwa ba ta tambayar mutum ɗariƙarsa, saboda haka babu dalilin da zai hana su aiki a ayari ɗaya.

Tsare taron kuwa batu ne na rai. A watan Maris 2024 mutane sun mutu a turereniyar rabon zakka a Bauci. A watan Disamba na shekarar, yara 35 suka rasu a Ibadan wurin wani taron rabon kyauta, cikin kwanaki kaɗan aka sake samun irinsa a Okija da Abuja. A nan Jigawa ba a mance da daren 15 ga Oktoba 2024 ba, da tankar mai ta faɗi a Majiya ta Ƙaramar Hukumar Taura, jama'a suka taru kwasa, wuta ta tashi ta ci fiye da mutum 150. Allah Ya jiƙansu da rahama. Darasin shi ne, mutumin da talauci ya matsa ba ya ganin haɗari idan ya ga mota da kaya. Kada a yi shelar rabo a rediyo ko a waya, kada a raba daga saman mota. A ba kowane gida takardar shaida tun da wuri, a kira su unguwa unguwa, a sa inuwa da ruwan sha, tsofaffi da masu ciki kuwa a kai musu har gida. Kare rai yana gaba da ciyarwa.

Abu na ƙarshe shi ne mutuncin mai karɓa. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta yi hani ga ɓata sadaka da gori da cutarwa, ta kuma kamanta mai yin haka da mai ciyarwa don mutane su gani. A yau gorin ya sami sabuwar kafa. Sai a tsai da dattijo mai furfura, a ɗora masa buhu a ka, a ɗauki hotonsa a watsa a Facebook, jikokinsa da surukansa na gani. Idan shaida ake so a nuna wa masu bayarwa, hoton kaya da takardar lissafi da sa hannun dagaci sun isa. Manomin da ya karɓi tiya biyar a hannunka bana, shi ne ya noma geron da ka sha kununsa bara, haƙƙinsa ne Allah Ya ajiye a cikin dukiyarka. Ka miƙa masa da hannu biyu, ka gaishe shi da girmamawa, ka roƙe shi addu'a.

Muna kira ga 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu, musamman 'ya'yan wannan masarauta da Allah Ya buɗa wa a birane, da su zauna da kaka su tsara ayarin damina, su ware kuɗin amalanke kamar yadda suke ware na tirela, su tambayi kowane dagaci sunan ƙauyen da agaji bai taɓa zuwa ba, su fara da shi. Allah Ya saka wa masu bayarwa da masu rakiya da alheri, Ya tsare su a hanya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya yaye wa bayinSa ƙunci. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi bayanin zakkar amfanin gona, nisabinta da abin da ake fitarwa a gero da wake da riɗi.